Hutu a Kaduna: gidan baƙi ko otal na alfarma?

Masu harkar masauki sun ce a fara duba wuta da ruwa kafin kyan ɗaki. A ƙaramin gidan baƙi, irin na Unguwar Rimi ko Malali, ka tambayi ƙarfe nawa ake tayar da janareta, kuma ko yana ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki. Sau da yawa fanka kaɗai yake ja, kuma a zafin Maris da Afrilu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Buɗe famfon banɗaki da hannunka, ka ɗaga zanin gado ka duba bakin katifa, nan kuɗin cizo ke ɓuya.

Amfanin ƙaramin gidan baƙi kuwa, ga sauƙin kuɗi, ga mai waina da masallaci a kusa. Mai iyali da zai yi mako guda, nan ya fi masa.

Wuraren alfarma na bayan gari, kamar Fifth Chukker a hanyar Jos, na kwana biyu ne ko uku. Farashin da aka faɗa maka, tambayi ko ya haɗa da karin kumallo, harajin VAT na kashi 7.5 da kuɗin hidima. Kuma a isa da rana, kada a yi tafiyar dare.