Mujiyar Jos ce ko baƙuwa?

Ɗan Laminga: Salamu alaikum. Jiya bayan la'asar na ɗauki hoton wata ƙaramar mujiya a bakin dajin Amurum, kusa da Jos. Ba ta wuce tafin hannu ba, ta lafe jikin itace sai ka ce ɓawo, ido rawaya, ga 'yan tukkaye biyu kamar kunnuwa. Amma ja-ja ce, alhali na Kano da na saba gani toka-toka ne. Ni dai na ce reshe ne na daban, na tsaunin Jos.

Anti ta Rikkos: Wa alaikumus salam. Ƙanena, sannu da ƙoƙari, amma launi ba hujja ba ne. Ƙaramar mujiyar Afirka ce, wadda masana ke kira Otus senegalensis, kuma cikin jinsin nan akwai mai toka, akwai ja-ja, a daji ɗaya ma.

Ɗan Laminga: Anti, ai Jos ta saba ba da mamaki. Ɗan jan tsuntsun duwatsun nan namu, sai 1998 masana suka gane jinsi ne na kansa.

Kawu na Bukuru: Ku biyun kun manta da wata. Disamba muke. 'Yar uwarta ta Turai, Otus scops, takan ƙetaro Sahara ta yi hunturu a nan, kuma a hoto da ƙyar ka raba su. Sai an kama an auna fiffike, na baƙuwar ya fi tsayi. Ko kuma kuka. Tamu "krrr" take yi, ta ɗan yi shiru, ta sake. Ka ji ta yi kuka?

Ɗan Laminga: Ban tsaya ba Kawu. Mai acaɓan da ya kai ni ya ce shi ba ya kai magariba inda mujiya take.

Anti ta Rikkos: Tsuntsuwar da ƙwari ne abincinta! Allah ya kyauta. Amma Kawu ya kawo magana. Mujiyar tsibirin Principe da ke Tekun Guinea ma kukanta aka fara ji tun kafin a gan ta, sai 2022 aka raɗa mata suna.

Kawu na Bukuru: Tsibiri kuwa teku ya killace shi. Mu me ya tsare mujiyar Bauchi ta hawo Filato?

Ɗan Laminga: Sanyi mana.

Kawu na Bukuru: Gashinta na ado ne? Kai hoton cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI, ga ta nan kusa da kai. Ka koma da dare ka naɗo kukan a waya.

Ɗan Laminga: To. Amma in ta fito sabuwa, sunana za a sa mata.

Anti ta Rikkos: Nemo wani mai acaɓan tukuna.