Muhawara: Tsohon kyaftin ne ya ci kofin 2013, ko kuwa ƙwararren koci?

Mai gidan kallo, Sabon Gari: Assalamu alaikum. Maganar da ta tayar da gardama a gidan kallona daren jiya ita na kawo muku. Na ce marigayi Stephen Keshi bai ci wa Najeriya kofin ƙwallon ƙafa na nahiyar Afirka a 2013 yana koci ba sai don ya taɓa ɗaga shi da hannunsa a Tunisiya a 1994, lokacin yana kyaftin, domin 'yan wasa ba sa bin umarnin wanda bai taɓa shiga filin da suke shiga ba. Shi da Mahmoud El-Gohary na Masar kaɗai ne suka ci wannan kofi suna 'yan wasa, suka kuma sake cinsa suna masu horarwa.

Malamin makaranta, Samaru: Wa alaikumus salam. Alhaji, hujjar da ka kawo ita ce take rusa maganarka, domin idan mutum biyu ne kawai suka yi hakan tun da aka fara gasar a 1957, to abin ba ƙa'ida ba ne. Christian Chukwu ya ɗaga kofin a Legas a 1980 yana kyaftin, amma da aka ba shi ƙungiyar, na uku ya zo a 2004, sannan Angola ta ƙwace mana gurbin gasar duniya ta 2006. Shi kuwa Shuaibu Amodu, wanda bai yi suna a fagen taka leda ba, sau biyu yana samar wa Najeriya gurbin gasar duniya, ta 2002 da ta 2010, ko da yake duka biyun an sauke shi kafin a tafi.

Tsohon mai tsaron baya, Tudun Wada: Malam, ka yi magana irin ta masu littafi, amma bari wanda ya sha ƙurar fili ya ce wani abu. Keshi ya bar Osaze Odemwingie da Obafemi Martins a gida, ya tafi Afirka ta Kudu da 'yan wasa shida da suke buga gasar cikin gida, har da Gabriel Reuben na Kano Pillars, sa'annan ya ajiye kyaftin Joseph Yobo a benci ya dogara da Godfrey Oboabona da Kenneth Omeruo. Wannan ba aikin da kowane koci zai iya yi ba ne ya kwana lafiya. Wanda ya buga wa Anderlecht a Beljiyam da Strasbourg a Faransa ba ya rawar jiki don an ce masa wane daga Turai ya zo, tun da shi ma ya je ya gani, kuma ƙafarsa ce ta buɗe wa da yawa daga cikin 'yan Najeriya hanyar Beljiyam. Mu da muka tsaya a baya mun san cewa daga nan ake ganin filin gaba ɗaya.

Malamin makaranta, Samaru: Baba, na yarda da batun ƙarfin hali, amma gano Sunday Mba a gasar gida, wanda ya ci Kwaddebuwa a wasan daf da na kusa da ƙarshe, ya kuma ci Burkina Faso a wasan ƙarshe, aikin ido ne da haƙuri, kuma Keshi ya koye shi ne a shekarun da ya yi yana horarwa. Ya yi mataimakin Amodu, ya kai Togo gasar duniya ta 2006 karo na farko a tarihinta, ya kuma riƙe Mali daga 2008 zuwa 2010. Da sunansa na ɗan wasa ne yake aiki, da Togo ba ta sallame shi ba bayan ya sha kashi a wasanni uku a gasar Afirka ta 2006 a Masar, ta miƙa wa Otto Pfister ƙungiyar da shi ya gina.

Ɗaliba, Kongo: Ina neman afuwar iyayena, amma akwai abin da ba a ambata ba. Keshin nan dai, da tarihinsa da gogewarsa, shi ne ya kasa kai mu gasar Afirka ta 2015 alhali muna riƙe da kofin, kuma Sunday Oliseh da ya gaje shi, wanda shi ma yana cikin tawagar 1994, bai cika shekara ba ya ajiye aikin. Shin ba yanayin hukumar ƙwallon da rikicin albashi ya kamata mu duba ba?

Mai gidan kallo, Sabon Gari: 'Yata, tambayarki tana da nauyi, sai dai hukumar da ta gaza a 2015 ai da ita aka ci kofi a 2013. Malam kuma bai gaya mana dalilin da ya sa Aliou Cissé, kyaftin ɗin Senegal na 2002, shi ne ya fara kawo musu kofin ba, bayan Turawa da dama sun gwada sun kasa.

Malamin makaranta, Samaru: Alhaji, Cissé ya karɓi Senegal a 2015, kofin kuma bai zo ba sai a farkon 2022, bayan ya rasa wasan ƙarshe a hannun Aljeriya a 2019. Ka faɗa mana kocin da Najeriya ta taɓa yi wa haƙurin shekara bakwai.