Neman shawara: fina-finan barkwanci da aka gina a kan ƙwallon raga

Malamin Wasanni:

Assalamu alaikum. Ina koyar da ƙwallon raga a wata makarantar sakandare, kuma ina son in riƙa haɗa ɗalibaina su kalli fim a ranakun da ruwan sama ya hana mu fita fili. Bukatata ita ce fim ɗin barkwanci wanda wasan yake da muhimmanci a cikin labarinsa, domin yaran su yi dariya, su kuma ga yadda ake karɓar ƙwallo, a ɗaga ta, a dake ta. Na lura cewa ƙwallon ƙafa da dambe suna da fina-finai birjik, amma namu wasan sai dai a haska shi na ɗan lokaci a wuce. Wane fim za ku ba ni shawarar in nema, kuma me ya jawo wannan ƙaranci?

Uwar Biyu:

Wa alaikumus salam, Malam. Idan ɗalibanka ƙanana ne, ka fara da Air Bud: Spikes Back na shekarar 2003, wanda yake cikin jerin fina-finan Amurka da ake nuna wani kare yana shiga wasanni iri-iri, a wannan karon kuma ƙwallon raga ta bakin teku ce ta faɗo masa. Labarin ba shi da zurfi, kuma ba na jin ɗan aji shida na sakandare zai zauna masa har ƙarshe, sai dai babu abin da za ka yi saurin rufe wa yara ido a kansa.

Abin da ya fi kama hankalin 'ya'yana shi ne Haikyu!!, zanen katun na ƙasar Japan wanda Haruichi Furudate ya fara fitarwa a mujalla a 2012, aka mayar da shi shirin talabijin a 2014, sannan aka yi masa fim na sinima a 2024. Jarumin, Hinata, gajeren yaro ne da ya nace sai ya zama mai dukan ƙwallo a gaban raga, kuma yawancin abin dariyar yana fitowa ne daga rashin jituwarsa da Kageyama, wanda aikinsa ne ya ɗaga masa ƙwallon. Ba barkwanci ne zalla ba, amma dokokin wasan da ke cikinsa daidai suke, har da jujjuyawar 'yan wasa da aikin libero, wato ɗan wasan tsaron baya mai riga daban.

Ɗan Sinima:

Malam, zan ɗauki tambayarka ta biyu, domin ita ce ta fi ba ni sha'awa. A ganina, tsarin wasan ne da kansa yake wahalar da masu shirya fim. Raga ta raba ƙungiyoyin biyu, babu bangaza, babu kokawa, babu mugun da zai taka ƙafar jarumi a tsani shi. Ƙari a kan haka, doka ba ta yarda mutum ɗaya ya taɓa ƙwallo sau biyu a jere ba, ban da bayan tarewa a raga, don haka babu yadda tauraron fim zai ɗauke ta shi kaɗai ya ratsa kowa kamar yadda ake yi a ƙwallon ƙafa. Wannan ne ya sa Hollywood ta fi amfani da wasan a fitowa ɗaya tak.

Misalin da ya fi shahara yana cikin Meet the Parents na shekarar 2000. Ben Stiller ya fito a matsayin saurayin da ya je gidan surukai yana neman shiga, Robert De Niro kuma uban yarinyar ne da bai yarda da shi ba ko kaɗan. Aka shiga wasan ƙwallon raga a tafkin wanka, aka yi ta yi wa saurayin gorin cewa ba ya taɓuka komai, har zuciya ta ɗebe shi ya yi tsalle ya doka ƙwallo da iya ƙarfinsa, ta sauka a fuskar 'yar'uwar budurwarsa, wadda ake shirin ɗaura wa aure. Abin da ya sa fitowar ta yi armashi shi ne ya yi daidai abin da aka matsa masa ya yi, kuma shi ne ya ƙara jefa shi cikin baƙin jini. Amma fitowa ɗaya ce, kuma fim ɗin na manya ne.

Wanda aka gina kacokan a kan wasan shi ne The Iron Ladies na ƙasar Tailan, shi ma na 2000, wanda Yongyoot Thongkongtoon ya ba da umarni. An samo labarin daga wata ƙungiyar maza da ta lashe gasar ƙasar a 1996, wadda akasarin 'yan wasanta irin waɗanda mu za mu kira 'yan daudu ne, kuma a kan wannan ne barkwancin da saƙon fim ɗin suka rataya. Na ambace shi ne domin babu mai lissafa fina-finan wannan fanni ya tsallake shi, amma ba shi ne zan ce malami ya kunna wa aji a makarantunmu ba.

Tsohon Kyaftin:

Ɗan Sinima, na yarda da bayaninka amma ban yarda da inda ka kai shi ba. Dokar hana taɓawa biyu a jere da ka ɗauka cikas ce, a wurina ita ce mahaƙar dariyar. Duk wanda ya taɓa bugawa ya san lokacin da ƙwallo take saukowa a hankali tsakanin mutum biyu, kowa ya ce “tawa ce”, sannan kowa ya janye hannu, ta faɗi a ƙasa suna kallon juna. Mutum shida ne a fili mai tsawon mita 9 da faɗin mita 9 a kowane ɓangare, kowa ya dogara da taɓawar wanda ya riga shi, saboda haka kuskuren mutum ɗaya yana bin sauran a jere, kuma kyamara tana iya ɗaukar fuskokinsu duka a lokaci guda.

Masu shirya fim na Koriya ta Kudu sun gane wannan a One Win, wanda ya fito a 2024. Song Kang-ho, da duniya ta sani ta fim ɗin Parasite, ya fito a matsayin kocin da bai saba da nasara ba, aka danƙa masa wata ƙungiyar mata da ta durƙushe, sabon mai kulob ɗin kuma ya yi alkawarin rabon maƙudan kuɗi idan suka ci wasa ɗaya kacal a kakar. Burin ƙarami ne har ya zama abin dariya, kuma yana ba da damar a nuna atisaye da nazarin abokan karawa dalla-dalla. Shi nake ganin ya fi dacewa da manyan ɗalibanka, Malam, matuƙar ka samu mai fassarar Turanci a ƙasan allo, ka kuma fara kallonsa kai kaɗai, tun da kayan wasan mata a can ba irin namu ba ne.

Malamin Wasanni:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da Haikyu!! ga 'yan ƙananan azuzuwa, domin darasin jujjuyawa ne yake ba su wahala a wannan zangon, sannan in nemi na Koriyar in duba shi a gida kafin in kai maganarsa ofishin shugaban makaranta.