Wa ya taɓa ba ɗiyarsa kile ta kwance wani abu?

Uwar Biyu, Bukoki:
Salamu alaikum jama'a. Jajibirin ƙaramar salla na shiga Babbar Kasuwa da tagwayena, mace da namiji, shekarunsu 7. Mai tebur ko tambayarsu bai yi ba, ya miƙa wa namijin mota mai batir, macen kuma 'yar tsana da tukwanen roba. Ta ce ita ma mota take so. Ya kwashe da dariya, wai "Hajiya ƙarama, ke da girki ke jira, mi za ki yi da mota?" Ni ma dai ban ce uffan ba, na biya muka fito.

Kwana uku motar ta tsaya. Namijin ya yi kukansa ya jefar. Ita ta ɗauki wuƙar yankan albasa ta kwance kusoshin, ta tarar waya ɗaya ta rabu da gidan batir, ta murɗa ta da yatsa, mota ta tashi. Kakarsu na ganin haka ta hau ta da faɗa, ɗiya mace da ɓarna irin ta maza. Don Allah waɗanda suka taɓa barin 'ya'yansu mata su taɓa irin wannan aiki, yaya ta kaya?

Tela daga Tawa:
Wa alaikumus salam Yaya. Kin tuna mini da ƙuruciya a Bilbis. Bayan girbi yayyena maza su tara kara, su feƙe da reza, su yi mota har da tayoyin sakaina. Mu kuma a ba mu ƙashi ko guntun kara da tsumma mu yi 'yar tsana, mu yi mata biki, mu tuƙa tuwon ƙasa. Kowa da hannunsa yake ƙera abin wasansa, amma su nasu yana tafiya, in ya karye su nemo dalili. Ranar da na ɗauki rezar Yaya sai da Inna ta buge mini hannu.

Yanzu ga ni da keken ɗinki, maigida yana ci-rani Abijan kamar mazan Adar da yawa. Wata shekara ana saura kwana biyar salla keke ya fara tsinke zare yana cukurkuɗa shi ta ƙasa. Mai gyara ya ce sai jibi, jibi ta zama gata, ga atamfofin mutane jibge a kan gado. Da haushi ya ishe ni na ɗaga kan keken na ciro gidan bobin. Ashe ƙura ce da burbushin zare suka daskare a ciki, allurar kuma ta ɗan lanƙwashe. Na share da tsohon buroshin haƙori, na ɗiga mai, na sa sabuwar allura. Shekara takwas ina biyan jika guda, wani lokaci jika da rabi, a kan abin da bai kai ni dafuwar shayi ba. Har yau in na tuna sai na ji takaici.

Bakanike, Katako:
Hajiya, ki bar yarinyar nan ta kwance. Yaron da bai ɓata ba ba ya gyarawa. Shekarata sama da ashirin ina gyaran moto, yaran da suka wuce ta hannuna duk maza ne, sai ɗiyata ta uku da take kawo mini abinci in an tashi lakwal. Tun tana zama tana kallo har ta fara miƙo kile, in na ce kile 10 ba ta miƙo 12. Na fara mata da buji, abin da ke ba inji wuta: ta kwance, ta duba bakinsa. In ya yi baƙi da toka, mai ya yi yawa ko matatar iska ta toshe. In ya jiƙe da baƙin mai, matsalar tana cikin inji. Ta goge, ta jingina shi da jikin inji, ta taka ta ga ko wuta na tsalle. Yanzu sarƙa ma ita ke ɗaurewa.

Masu kabu-kabu wasu ba su yarda ta taɓa musu moto. Ba na gardama da su, sai in ce su jira in gama wanda ke hannuna. Mai sauri shi ke fara saukowa.

Malam na Lazare:
Ni ban ga laifi a kile ba, wurin ne matsala. Wanda ya san garaji ya san irin bakin da ake yi a can, ba kowane uba zai kai budurwa tsakiyar samari daga safe zuwa magariba ba. Kai Malam Bakanike taka tana gaban idonka. Sannan kada a ɗora wa mai tebur, abin da iyaye ke saya shi yake sarowa.

Tela daga Tawa:
Gaskiya ne Malam, amma keken ɗinki da murhun gas da fanka ai cikin ɗaki suke.

Malamar lakwal, Talaje:
Abin da Malam ya faɗa shi na ji a bakin iyaye da yawa. Cibiyoyin koyon sana'a da ake kira CFM ba su hana mace shiga sashen kanikanci ko lantarki ba, amma ranar rubuta suna sai ka ga layin ɗinki duk 'yan mata, layin walda duk samari. Wata ɗalibata da ta fi kowa lissafi ta so lantarki, gwaggonta ta ce wa zai auri mai hawa tsani. Ɗinki ta yi.

Duk 13 ga Mayu muna ɗinka anko mu tuna matan da suka yi maci a nan Yamai a 1991 don a ƙara musu kujeru a kwamitin shirya taron ƙasa. Bana maimakon rawa na kawo tocila biyar da suka mutu na raba wa 'yan matan ajina da turnabis. Uku sun kama, tsatsa ce kawai a bakin batir. Ɗaya ta fashe gaba ɗaya, muka yi ta dariya.

Uwar Biyu, Bukoki:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya na saya mata turnabis na dala hamsin, na ba ta tsohuwar rediyon babansu da ta shekara ba ta magana. Ba ta tashi ba tukuna, kuma kusa biyu sun ɓace a cikin yashi. Kakar dai ta ce kada ta kuskura ta kusanci tata rediyon. Baba na Katako, ranar Asabar da wane lokaci kuke buɗewa?

Bakanike, Katako:
Ƙarfe takwas, in Allah ya kai mu. Ki sa mata tsofaffin kaya, baƙin mai ba ya fita.