Tambaya kan bariyans (ma'aunin warwatsuwar lambobi): da n (yawan lambobin) ake rabawa ko da n−1?

Ɗalibar_aji_ɗaya:
Assalamu alaikum. A darasin ƙididdiga mun iso kan yadda ake auna warwatsuwar lambobi. Tazara ba ta ba ni wahala, a ɗauki babbar lamba a cire ƙarama, shi ke nan. Bariyans ce ta ɗaure min kai. Don me sai an ninka bambancin kowace lamba da matsakaici da kansa? Ga kalkuletata kuma amsa biyu take ba ni, σx da sx. Wacce zan rubuta? Jarrabawa ta matso, don Allah a taimaka.

Malamin_Lissafi:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ga gonaki biyu da buhunan geron da suka bayar cikin shekara biyar. Ta farko: 8, 10, 10, 10, 12. Ta biyu: 2, 6, 10, 14, 18. Matsakaicin kowacce 10 ne, amma mai gona ta biyu ya san shekarar da rumbunsa ya kwana wayam.

Cire 10 daga lambobin ta biyu: −8, −4, 0, 4, 8. Haɗa su, sifiri za ki samu, kuma kowane jeri kika gwada haka zai fito. Shi ya sa ake ninkawa: 64, 16, 0, 16, 64, jimla 160. Raba da 4, bariyans 40. Sikwaya rut ɗinta kusan 6.3, ita ce sitandad dibiyeshin, wadda ke maido ki kan lissafin buhu. Ta gona ta farko 1.4 ce kacal.

Ɗalibar_aji_ɗaya:
Na gode Malam, Allah ya ƙara sani. Amma shekara biyar ce, ina 4 ta fito?

Malamin_Lissafi:
Idan na ce miki matsakaici 10 ne, na ba ki 2, 6, 10, 14, ta biyar ba ta da zaɓi, dole 18 ce. Huɗu ne kawai ke da 'yanci. Samfur kuma, wato ɗan ɓangaren da aka ɗebo daga cikin duka, yakan nuna warwatsuwa ƙasa da ta ainihi, rabawa da n−1 ke gyara hakan. Ana kiransa gyaran Bessel. In samfur aka ba ki, sx. In duka jama'ar ce a hannunki, wato duk lambobin ba ɓangare ba, σx, a nan 5.7 ke nan.

Yaya_Babba:
Malam ya gama magana. Ni dai abin da ke damuna, ɗalibai na manta cewa ninkawar nan tana ba lamba ɗaya da ta yi nisa ƙarfi fiye da kima. A lissafin albashi ko kuɗin haya, attajiri guda ya isa ya kumbura amsar. A irin wannan na fi yarda da tazarar da ke tsakanin kwata ta ɗaya da ta uku, wato iyakar kashi ɗaya da iyakar kashi uku cikin huɗu idan an jera lambobin daga ƙarama zuwa babba. In Excel kike amfani da shi, STDEV.S na samfur ne, STDEV.P na duka jama'a.