Kwana a tanti da ƙananan yara, da zancen busasshiyar bishiyar Kirsimeti

Uwar Biyu, Leeds

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa kwana a tanti da ƙananan yara. Maigida ya dage sai mun fita da su a hutun makaranta na ƙarshen watan Mayu. Babbar shekararta biyar, ƙaramin bai cika biyu ba, kuma sanyi nake ji masa. Sannan maƙwabciyarmu, wata dattijuwar Baturiya mai kirki, ta ba mu bishiyar Kirsimetinta tun watan Janairu, ta bushe ƙayau a bayan gida. Shi yana cewa a sassare ta mu tafi da ita makamashi. Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa mana yadda ta kaya.

Baban Tagwaye, Glasgo

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki bar shi ya kai ku, yara suna samun abin da falo ba ya ba su. Namu tun suna tatata muke fita da su bakin tafkunan Sikotland, kuma har yau in suka ga na sauko da jakar tanti sai gida ya kaure da ihu.

Sanyin da kike tsoro gaskiya ne, amma daga ƙasa yake fitowa, ba daga sama ba. Mutane kan lafta wa yaro barguna, su shimfiɗa shi a katifar iska kawai, sai asuba ya tashi jikinsa ya yi sanyi ƙalau, domin iskar da ke cikin katifar ita ma ta huce. Abin da muke yi, mu shimfiɗa tabarmar soso a ƙasa tukuna, katifa a kanta, bargo a kan katifar, sannan jakar barci. Kafin a kwanta a sauya wa yaro kaya gaba ɗaya har safa, ko da na jikinsa sun yi kamar a bushe suke, saboda gumin wasan yini yana nan a ciki. Hula a kai. Takalma kuma a shigo da su ciki, in ba haka ba raɓa ta jiƙe su sharkaf.

Abin da ya fi ba mu wahala ma haske ne. A nan cikin watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, kafin biyar na asuba kuma ta fito. Yaro yana ganin gari fes ta jikin tanti, ka ce masa dare ya yi, ba zai yarda ba. Mun sayi tanti mai baƙin ɗaki a ciki, shi ya raba mu da rigimar. Lokutan salla ma ku duba su tun daga gida ku rubuta a takarda, har da alƙibla, don waya takan rasa sabis a cikin tsaunuka.

Idan Sikotland za ku zo, dokar 2003 ta ba mutum damar kafa tanti a yawancin filaye muddin bai yi ɓarna ba, sai dai wasu sassan bakin tafkin Loch Lomond da ake neman izini daga Maris zuwa Satumba. A Ingila abin ba haka yake ba, kusan ko'ina sai da yardar mai fili. Da yara ƙanana dai ni sansanin da ake biya nake ba ku shawara, mai famfo da bayan gida. Kuma ku zo da shirin ƙananan ƙwarin nan masu cizo da ke tashi da yamma in iska ta kwanta, sun fi sauro ƙanƙanta, sun fi shi naci.

Ma'aikaciyar Jinya, Birmingham

'Yar uwa, abu ɗaya nake roƙonki ki riƙe ko da kin manta sauran. Kada a shigar da gawayi cikin tanti, ko a bakin ƙofarsa, ko da wutar ta mutu. Gawayin da aka gama gashi da shi yana ci gaba da fitar da iskar kabon monoksayid na tsawon awanni, ba ta da wari ba ta da launi, kuma an yi asarar rayuka a ƙasar nan ta haka, har da yara. Mu da muka tashi muna ganin ana shigar da kaskon wuta ɗaki lokacin hunturu, hannunmu yana saurin kaiwa can in sanyi ya matsa. Haka murhun gas, a waje ake girki ko da ana yayyafi.

Sai kaska. Kullum da yamma nakan tuɓe 'yata in duba bayan kunne, cikin gashi, hammata, cibiya da bayan gwiwa. Na taɓa samun ɗaya a ƙeyarta, ƙanƙanuwa ƙwarai, ta riga ta kafa kai. Da ɗan hantsaki na kama ta dab da fata na ja a miƙe a hankali, na wanke wurin. Ba a ƙona ta da ashana, ba a shafa mata mai. Bayan an dawo gida a riƙa duba wurin na 'yan makonni. In jan zobe ya fito yana faɗaɗa, ko zazzaɓi ya zo, a je wurin likita a ce masa kaska ce ta ciji yaron, saboda cutar Lyme da kaska ke yaɗawa. Ƙaramin naki kuma kada a sa shi cikin jakar barcin manya, yana iya zamewa ciki fuskarsa ta rufe. Akwai tasu ta yara mai hannu.

Malamin Lissafi, Toronto

Gaisuwa ga kowa. A gaya wa maigida ya haƙura da zancen makamashin nan. Na ga an jefa busasshen reshen irin bishiyar a wuta a wani sansani, kafin ka ce kwabo harshen wuta ya fi tsayin mutum, tartsatsi na tashi ko'ina, har ya huda rumfar mutanen da ke kusa. Ganyenta siriri ne, ga danƙo a jikin icen, shi ya sa take kamawa lokaci guda. Tanti kuwa yadin roba ne, ga yaro ɗan shekara biyu yana kai-kawo.

A nan Kanada ma ba a son mutum ya ɗauko ice daga gida. Tun da aka gano wani koren ƙwaro mai huda bishiyoyi a yankin Windsor da Detroit a 2002, wanda ya kashe miliyoyin bishiyoyi, ake ta gargaɗin a sayi ice a inda za a ƙona shi, domin a cikin ɓawon icen ƙwarin suke tafiya daga daji zuwa daji. Mu gandun dajin Algonquin muke zuwa. Wurare a gandayen Ontario ana buɗe rajistarsu ne tun saura wata biyar, masu kyau na bakin ruwa kuma nan da nan suke ƙarewa. Saboda beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai bin ƙamshin abinci, duk abin da ke da ƙamshi a but ɗin mota yake kwana: abinci, man goge baki, har famfas ɗin da aka cire. Ku a Ingila kun huta da wannan, amma dila ma tana yaga leda.

Uwar Biyu, Leeds

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa maigida, ya yarda a bar bishiyar a gida. To yanzu me za mu yi da ita? Kuma yaya kuke yi da abinci da fitsarin dare?

Hajiya Kaka, Landan

'Yata, ni ban cika son kwanan daji ba, jikoki ne suka ja ni, kuma ba zan ɓoye miki ba, uwa ce ke shan aikin. Shi ya sa nake cewa ku fara kafa tantin a bayan gidanku ku kwana. A nan za ki gane wanda ke tsoron duhu da wanda ke tashi neman ruwa, ga ɗakinku kusa in abin ya ƙi. Fo ki ajiye a bakin tanti da tocila a kusa, kada ki ja yarinya cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa da tsakar dare. Buta kada a manta, ba za ki same ta a can ba.

Abinci kuma ki yi dabara irin ta matafiyanmu. Dambun nama, soyayyen nama, garin kwaki da ƙuli, cincin, dafaffen ƙwai. Miyar dage-dage ki daskarar da ita a firiza tun daga gida, ita za ta riƙe sanyin kular, washegari ta narke ki ɗumama ki dafa taliya. Kunu a fulas kafin a kwanta. Yaron da ya farka da asuba yana rawar ɗari, ki ba shi kofin kunu mai zafi a hannu, kuka ya ƙare.

Antin Preston

Salama gare ku duka. Mu Kiristoci ne daga Zariya, bishiyar nan duk shekara tana shiga gidanmu, don haka bari in amsa wannan ɓangaren. A gida ta roba muka sani, wadda ake naɗewa a mayar kwali. Da muka zo nan yara suka ce sai ta gaske, ni kuma raina ba ya so in ga an sare bishiyar da ta yi shekaru tana girma, a yi mako uku da ita a jefar a bakin titi.

Sai muka ji abin da ake yi a bakin tekun St Annes, kusa da Blackpool. Bayan bukukuwa ana tattara tsofaffin bishiyoyin, masu aikin sa kai su haƙa rami a rairayi su binne gindinsu a jere, rassan a waje. Iska in ta kwaso yashi sai rassan su tare shi, a hankali tudu ya tashi, ciyawar bakin teku ta kama, tudun kuma shi ke kare gidajen da ke baya daga ambaliyar teku. Mun je da yaran cikin sanyin nan mai ratsa ƙashi, kowa da ɗan shebur ɗinsa. Da bazara muka koma wurin shan iska, ɗana ya tsaya yana neman tamu, sai kan rassa kawai ake gani a cikin yashi. Tun daga nan duk fitar da za mu yi sai ya tambayi wane ne ya shuka wannan, me ke riƙe da wancan. Yanzu dai mun koma sayen mai saiwa a tukunya, tana kwana goma a falo nesa da hita, a mayar da ita lambu a ci gaba da ba ta ruwa.

Direban Dare, New York

A nan hukumar kula da lambunan birni tana da abin da take kira Mulchfest a farkon Janairu. Ka kai bishiyarka a niƙa ta a inji, a wasu wuraren har a ba ka buhun ɓarzajjen icen ka zuba a gindin shuka. Nakan kai ta maƙwabta tare da yarana, don kallon injin kawai suke bi na. Sharaɗin shi ne a cire fitilu da duk wani ado.

Ɗalibi, Berlin

A Jamus gidan namun daji na Berlin yana ba giwaye bishiyoyin su ci, amma waɗanda ba a sayar ba kawai. Ba sa karɓar na gidaje, saboda ragowar ƙyalƙyali da sinadarai. Anti Uwar Biyu, ku ma kada a ba dabbar kowa taku sai an tabbatar ba a fesa mata komai ba.

Baban Tagwaye, Glasgo

Hajiya, tunda taku ta riga ta bushe, lokacin tattarawa kuma ya wuce, ga abin da muka yi da wata irinta. Na sare rassan da almakashin lambu, yara suka tara su a lungun shinge, tsuntsaye da ƙwari suka samu mafaka. Ganyen da ya zube muka share muka baza a gindin furanni. Gangar jikin kuma na yanka gida biyu: rabi ya zama sanda da waken lambu ke hawa, rabi na yayyanka faifai-faifai da zarto, na goge bakin da sanfefa, yaran suka zana lambobi a kai. Da su suke wasa a cikin tanti in ruwa ya hana fita. Abin da ya rage ku kai wurin zubar da shara na ƙaramar hukuma, ɓangaren ciyawa da rassa, suna karɓa a kowane lokaci na shekara. Maigida ya sa safar hannu in zai yi aikin, danƙon yana kama fata, sai da man girki yake fita.