Gonata a bakin tsohon ramin kwal: me zan shuka?

Manomin Ankpa:

Assalamu alaikum. Ni Bakano ne, amma na daɗe ina zaune a yankin Ankpa, jihar Kogi. Na karɓi aron fili kusa da wani rami da aka haƙi kwal aka tashi. Masu haƙar sun tura ƙasa da katafila sun baje, daga nesa fili ne shimfiɗaɗɗe mai ban sha'awa. Bara na shuka masara. Ta fito, da ta kai gwiwa sai ta tsaya cik, ganyen ya yi ɗorawa. Na zuba yuriya, ba ta motsa ba. Da na tumɓuke wasu, saiwar gajera ce, a dunƙule. Ƙasar kuwa in ta bushe fartanya ba ta kama ta. Ruwan da ya taru a ramin ja ne kamar tsatsa, kuma yara na wanka a ciki, Fulani na shayar da shanu a gefe, abin da ke hana ni barci ke nan. Jama'a, wannan ƙasa za ta sake rayuwa kuwa? Da me zan fara?

Malamin Gona:

Wa alaikumus salam, Baba. Da farko ka dakata da yuriya, domin ƙara wa ƙasa tsami take yi, kuma alamun da ka faɗa na tsami ne. A cikin duwatsun da ke tare da kwal akwai wani mai ƙyalli kamar zinariya, ƙarfe ne haɗe da farar wuta. Muddin yana binne babu matsala. Da an tono shi ya haɗu da iska da ruwan sama sai ya riƙa fitar da asid, ƙarfen kuma ya narke ya bi ruwa. Jan da kake gani a ramin ke nan. Masara na son ma'aunin pH, wato awon tsamin ƙasa, daga 5.5 zuwa 7. In ya yi ƙasa da haka, sinadarin alminiyam da ke cikin ƙasa yakan narke ya ƙone bakin saiwa, shi ya sa ka ga ta dunƙule.

Abu na biyu, katafila ta danne ƙasar. Wannan ya wahalar da Amurka ma. Bayan dokar da suka kafa a 1977 wadda ta tilasta gyara filin haƙar kwal, kamfanoni a yankin Appalachia sun riƙa dannewa sumul suna shuka ciyawa, sai itatuwa suka ƙi girma. Daga baya masana suka ce a bar ƙasa mai laushi, zurfin kamar ƙafa 4, kada injin ya yi ta bi ta kai.

Ga shawarata. Ɗebi ƙasa daga wurare daban-daban na filin, ka kai a auna, Jami'ar Anyigba na kusa da kai kuma tana da tsangayar aikin gona. Awon ne zai nuna yawan garin farar ƙasa da za ka zuba don rage tsamin. Ka sa a yi huɗa mai zurfi, a cakuɗa shi da kashin shanu ko na kaji, tokar murhu ma tana taimakawa. Shekarar farko kada ka sa ran abinci. Shuka gamba, ka jera jema a kan gangara don ta riƙe zaizaya, ka sa wake ka bar harawar ta ruɓe a wurin. Ciyawar nan ita ce za ta haifi sabuwar ƙasar sama. Bayan nan rogo da kashu sun fi masara jure irin wannan wuri, amma a auna rogon farko kafin iyali su ci.

Baƙon Jamus:

Malam, ina zaune a Cottbus, tsakiyar yankin Lausitz inda aka shafe fiye da shekara 100 ana haƙar kwal. Abin da Malamin Gona ya faɗa na gan shi da idona. Nan ma garin farar ƙasa suke cusawa cikin ƙasa da manyan garmuna kafin su dasa itace, har tafkunan da suka yi tsami akan zuba musu shi daga jirgin ruwa. Ramin da ke gefen garinmu an daina haƙa a 2015, aka fara cika shi da ruwan kogin Spree a 2019, tafki ne mai kusan hekta 1,900. Tafkin Senftenberg da mutane ke iyo a ciki yau tun 1967 aka fara cika shi. Ka ga aikin ba na damina ɗaya ba ne, kuma kuɗi masu yawa ya ci.

Amma abin da ya sa na yi magana shi ne yaran nan. Ƙasar da aka tura aka tara ba ta da ƙwari, in ta sha ruwa takan zabtare ba sanarwa. A 2009 a garin Nachterstedt gaɓar irin wannan tafki ta rufta da gida, mutum 3 suka rasu. Don Allah ku hana wanka a ramin tun yau.

Yar Lokoja:

Baba, akwai inda ban yarda da 'yan'uwana ba. Duk sun ɗora maka aikin, alhali ba kai ka haƙa ramin ba. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisi ya gabatar da tsarin gyara filin, ya zuba kuɗi a asusun farfaɗo da muhalli, ya kuma ƙulla yarjejeniya da al'ummar wurin. A ƙa'idar aiki, ƙasar sama ake fara kwashewa a ajiye gefe, in an gama a mayar. Ku duba ko tulinta na nan. Ku haɗu da mai filin da mai gari, ku rubuta wa kwamitin ma'adinai da muhalli na jiha, MIREMCO, da hotunan ruwan da sakamakon awon. Ka ajiye kwafi.

Manomin Ankpa:

Allah ya saka muku da alheri. 'Yar Lokoja, akwai wani tudu a gabashin ramin da ciyawa ta rufe shi shar, alhali kewayensa ƙurmus ne, ina kyautata zaton ita ce ƙasar da kike nufi. Gobe bayan Azahar zan ga mai gari da Arɗo kan maganar yara da shanu. Malamin Gona, ƙasar awon daga wane zurfi zan ɗebo, kuma a leda zan zuba ko a buhu?